Ranar da Na Riƙe wa Baba Makirufo

Bana aka rushe matakalar ladan ta masallacin unguwarmu a Toranke. Ban hana ba, don ba ni da hujjar hanawa. Masallacin ya yi wa jama'a kaɗan, ana so a faɗaɗa shi da bulo da siminti, ita kuwa ta tsaya daidai inda sabon gini zai bi. Amma ranar da samari suka sa mata diga, sai na ja buzuna na koma can gindin darbejiya, na juya baya kamar mai gyangyaɗi. Hawa bakwai ce, ta jar ƙasa, duk kaka sai an yaɓe ta. Kafin mai shayi ya tafasa ruwa sun mai da ita tulin ƙasa. Har na ji wani cikinsu yana cewa, "Wai da a kan wannan ake hawa a yi ta ɗaga murya?" Na so in tanka masa, sai na tuna ba laifinsa ba ne, ya buɗe ido ya tarar da duniya cike da lasifika.

A ƙuruciyarmu gari yana da shiru, irin shirun da kake iya rarrabe abin da ke cikinsa. Da hantsi ka ji lugude daga gidaje, har ka gane wace ce ke daka daga yadda take cilla taɓarya ta tafa. Ka ji guga tana dukan ruwa a rijiya, kurciya tana kuka a kan gawo, jakin wani yana kai ƙara a hanyar Gafasa. In ana gayya, gangar noma kaɗai ta isa ta tara mutane. Yanzu fa? Mai maganin basir da lasifikarsa a kan babur, mai tallan takin zamani da tasa, ɗan siyasa da tasa, wayar da ke aljihun jikana ma kiran salla take yi ba tare da ta yi alwala ba. Ba cewa nake da ta fi yanzu ba. Wanda ya taɓa zuwa Gaya a ƙasa da buhun gyaɗa a ka ba zai zagi babur ba. Abin da nake nufi shi ne, a wancan lokaci murya abu ce da ake ji da ita, kuma a unguwarmu mai ita shi ne mahaifina.

Baba ladan ne, ya gaji ubansa a kan wannan matakala. Ba shi da agogo, kuma bai taɓa jin yana bukata ba. Sai ya fito ya tsaya a rana, ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, ya dubi sama, ya hau. In ya toshe kunnuwansa da yatsu ya buɗe baki, manomin da ke bayan tsamiyar ƙarshen gari zai jingine fartanya ya nemi ruwa. Mata da kiransa suke auna aikinsu: an kira azahar ban jiƙa gero ba, an kira la'asar ban ɗora tukunya ba. Ba ya karɓar komai a kai, ba sarauta ba ce kuma, amma da za ka raba Baba da wannan matakala, gara ka raba shi da gonarsa.

Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Iya, mahaifiyarsa, Bafulatana ce, ta shayar da shi alkunya tun a nono. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son in kai taki gona, ƙanena zai kira ya ce, "Ka gaya wa wancan cewa jaki yana jira." In muka haɗu a zaure ya dubi bango, ni in dubi ƙasa, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa kamar da ƙofa yake magana. A ɗakin Iya na tashi, ita ta yaye ni, ita ce kuma ke tsokanata tana kirana maigidanta. Na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Amma zan faɗi gaskiya tunda tsufa ya ba ni dama: abin yana ci mini rai. Ina ganin ƙannena suna zama kusa da shi yana gutsura musu rogo, ni kuwa da na fi kowa kama da shi ko fuskarsa ban taɓa ƙare wa kallo ba.

Wata damina tari ya kama Baba, ya daɗe yana fama. Da ya tashi, jiki ya dawo amma murya ba ta dawo ba. An dafa citta da kanumfari, an nemo zuma, an sha rubutu, duk a banza. Zai fara da ƙarfi, kafin ya kai tsakiya sai muryar ta dushe ta koma kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Mata suka fara leƙe ta katanga suna tambayar juna, "Wai an kira kuwa?" Manoman nesa suka fara makara. Ga azumi ya matso, lokacin da kunnen kowa ke kan ladan. Manyan unguwa ba su faɗa masa a fuska ba, amma magana ta zaga cewa akwai wani magidanci mai murya kamar kakaki, ya kamata a hutar da Baba. Liman, wanda abokinsa ne tun suna yara, ya roƙi a dakata zuwa ganin wata. Baba ya ji komai. Ya rage cin abinci, ya daina zaman dandali, in ya sauko daga matakala sai ya bi ta bayan masallaci ya shige gida.

Ana cikin haka wani kawunmu da ke aikin hukuma a Gaya ya zo da sadaka ga masallaci a cikin kwali: amfilifaya, wato akwatin ƙara murya, mai maɓallai a gaba, ƙaton ƙahon lasifika ruwan toka, makirufo da doguwar wayarsa, da batirin mota. Ya ajiye ya koma bakin aikinsa, don shi ma bai san yadda ake haɗawa ba. Aka kewaye kwalin ana kallo, ba mai son ya fara taɓawa. Ni kuwa lokacin ina ji da samartaka, kuma duk ranar kasuwar Gaya in na sayar da abin da na kai, a rumfar wani mai gyaran rediyo nake ƙarasa yinina ina kallon yadda yake like waya da dalma. Da kallon nan kaɗai na ɗauki kaina gwani. Na buɗe baki a gaban manya na ce zan iya. An ce baki shi ke yanka wuya. A zuciyata kuwa lissafi ɗaya nake yi: in abin nan ya yi aiki, ba mai sauke Baba.

Haɗa wayoyin bai ba ni wuya ba. Inda aka samu matsala shi ne inda za a ajiye ƙahon. Ni na so a ɗora shi a kan soro can gaba, sai wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce, "Yaro, ƙarfe ba zai shiga gaban ladan ba. Ko mamu a bayan liman yake tsayawa." Wani ya ƙara da cewa abin da zai ɗauki sunan Allah ba a barinsa inda tsuntsaye za su ɓata shi. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka kawo sabuwar tabarma aka shimfiɗa a saman matakala, aka zaunar da ƙahon a kai cikin girmamawa, daidai bayan inda Baba ke tsayawa, bakinsa yana duban gabas kamar kowa. Makirufo kuma na ɗaure shi a jikin gora a gaban Baba. Ban ga aibun haka ba, ni ma a ganina ladabi ne.

La'asar ta yi, gari ya taru, har da waɗanda ba a saba gani a sahu ba. Baba ya hau. Na murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe don kowa ya ji aikina. Bai gama kabbarar farko ba ƙahon ya saki wata ƙara mai tsinin gaske, doguwa, mai shiga haƙori. Jakin da ke ɗaure a gindin kuka ya tsinke igiya, awaki suka watse, wata yarinya ta saki tulu. Na rikice na rasa abin da zan murɗa, sai da na fizge wayar batir. Da shiru ya dawo, sai dariya ta biyo baya. Ba ta mugunta ba ce, amma dariya ce. Baba bai waiwaya ba. Ya ture gorar gefe, ya kira sallar da muryarsa, ta karye masa sau biyu a gaban duk mutanen nan. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Da yamma ina ɗakin Iya na ji shi daga tsakar gida yana gaya wa ƙanena, "Ka je ka ce wa Liman ya nemi wani."

Iya ta hana ƙanen nawa fita. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, ka tara wa ɗana gari ka sa an yi masa dariya, ka zo ka zauna kana zumɓura baki? Inda ka koyo rabin, koma ka koyo sauran."

Washegari da sassafe na ari keke na nufi Gaya. Da na ba mai gyaran rediyo labari, ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Ɗan ladan, ba aljani ba ne, ba kuma kayan ne suka lalace ba. Makirufo kunne ne, ƙaho baki ne. Kun sa bakin yana duban kunnen. Abin da bakin ya faɗa kunnen zai ɗauka ya mayar masa, shi kuma ya sake faɗa da ƙarfi, haka za su yi ta yi kamar 'yan gulma biyu har su ƙare da ihu. Ladabinku ne ya jawo." Sannan ya kama hannuna yana lanƙwasa yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ƙaho ya hau sama, ya shiga gaba, mai magana yana bayansa. Jar waya a kan ja, baƙa a kan baƙi, in ka juya su ka ƙona kayan mutane. Kafin ka soka wayar makirufo a raminta ka mai da ƙara ƙasa, sannan ka ɗaga a hankali kamar mai sa gishiri a miya. Tsakanin baki da makirufo kada ya wuce yatsa huɗu. Ya lanƙwasa babban yatsana ya ce, "Na biyar, da an gama ka fara kashe na hannu. Akwai ɗan maɓalli a jikinsa. Makirufo ba shi da sirri." Ya ƙara mini waya mai tsawo, ya like bakinta da dalma, na kamo hanya ina maimaita karatuna a kan keke.

Sauran aikin ya fi haɗa waya wuya. Na durƙusa gaban Liman na ce, "Allah gafarta Malam, an ce sai ƙahon ya shiga gaba." Dattijon nan mai sanda ya ce ai ya riga ya faɗa, abin da ba shi da ladabi ba shi da albarka. Liman ya shafa gemu, sannan ya ce, "Malam, in ka ɗora wa jakinka kaya za ka kasuwa, wa ke gaba?" Dattijo ya ce jaki. Liman ya ce, "To wa ya taɓa cewa jakin ya fi ka? Wannan ma ɗan dako ne, murya zai ɗauka. A sa shi gaba." Aka yi dariya, shi ma dattijon ya murmusa ya sauke sandarsa. Shi kuwa Baba, ba ni da bakin yi masa magana, Iya ce ta shiga ɗakinsa. Ban san duk abin da ta faɗa ba, ƙarshen kawai na jiyo: "Ubanka ya hau matakalar nan har ranar da ƙafarsa ta ƙi. Kai ƙafarka ƙalau take. Ni na haife ka, na ce ka hau."

Aka ga wata. Ranar azumin farko muka kafa doguwar azara ta giginya a jikin soron masallaci, muka ɗaure ƙahon a ƙololuwa, bakinsa yana duban gari. Sai wata matsalar ta ɓullo. Baba yana toshe kunnuwansa da hannu biyu, kuma in ya zo kiran mutane zuwa ga salla yakan juya fuska dama da hagu, yadda ya ga ubansa yana yi. In makirufo na jikin gora, da ya juya murya ta tafi. Dole wani ya riƙe, ya riƙa bin bakinsa. Na dubi ƙanena, Liman ya girgiza kai ya ce, "Kai ka jawo, kai za ka riƙe."

Rana ta faɗi. Gari ya yi tsit, kowane gida da kwanon kunu a gaba ana jira. Baba ya sa dabino a baki, ya kurɓi ruwa, ya hau. Na bar ƙara a inda na gwada, na bi shi da waya a hannu, na tsaya hawa ɗaya ƙasa da shi a ɗan gefe, na ɗaga makirufo zuwa bakinsa. Yatsa huɗu. Tun da aka haife ni ban taɓa kusantarsa haka ba. Na ga furfurar da ta cinye gemunsa, na ga wani ɗan tabo a ƙasan idonsa da ban san da shi ba, na ga leɓensa yana rawa. Ashe tsoro yake ji. Ya rufe ido ya yi kabbara a hankali, da 'yar muryar da ta rage masa, sai ga ta ta fito ta samanmu cikakkiya, ta bi kan rufin gidaje, ta doki kukar bakin gari ta dawo. Ba ƙara, ba ihu, Baba ne sak, har da ɗan karkarwar nan tasa da kowa ya sani. Ya buɗe ido, ya sake rufewa. Ya juya dama na bi shi, ya juya hagu na bi shi. Hannuna ya gaji, ban sauke ba. Da ya kai ƙarshe muka jiyo hayaniyar yara daga can unguwar da ta fi wata uku ba ta ji shi ba, suna ta murnar an sha ruwa.

Ya yi addu'arsa ya shafa. Na ɗauka zai wuce ni ya sauka kamar kullum. Sai ya tsaya, ya dubi ƙasan matakala ya ga hankalin kowa na kan kunu, ya sunkuyo kaɗan, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni. Ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Karatu biyar aka ba ni a Gaya, huɗu na riƙe. Makirufo yana kunne, yana kuma daidai yatsa huɗu daga bakinsa. Sunan nan da albarkar suka fita ta ƙaho, suka bi kan gidaje, suka doki kuka suka dawo mana. Baba ya daskare. Liman ya ƙware da kunu a ƙasa, yana tari yana dariya. Ni kuwa na tsaya da abu a hannu, hawaye na zuba, na kasa ko neman maɓallin. Baba ya ja hularsa har gira, ya sauka da sauri kamar saurayi. Da na shiga gida Iya ta tare ni da cewa, "Maigidana, ashe kana da suna? Ina bayan ɗaki na ji, kajina ma sun ji." Kwana uku Baba bai yarda mun haɗu a zaure ba.

Bai sake faɗa ba har ya koma ga Allah, ban kuma bukaci ya sake ba. Maganar sauke shi ta mutu daga ranar. Ya ci gaba da kiran salla shekaru masu yawa, ni ina kai batir caji Gaya a bayan keke. Daga baya kawu ya kawo ƙarfen da ake tsayar da makirufo a kai, mai lanƙwasa duk inda aka so. Baba ya gwada sau ɗaya, ya aiko ƙanena ya ce a gaya wa wancan shi bai iya da wannan ƙarfen ba. Na gane, na koma kan hawana na shida.

Abin dariya, ni da abin ya ci wa rai, da na haifi nawa ɗan farin sai na tarar da harshena ya yi nauyi. Abin da ka sha a nono ba ya fita da wanka. Yau ga shi da furfura a gemu, shi ne ma ya tsaya a kan aikin faɗaɗa masallacin, ban taɓa kiran sunansa ba. Shi kuwa nasa ɗan farin a kafaɗa ya raine shi, yana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa, kuma ban ga abin da ya ragu a jikin yaron ba sai ƙarin sakin fuska. Nan na yarda zamani bai zo da ɓarna kaɗai ba.

Makon jiya aka gama ginin. An ɗora faranti mai ɗaukar hasken rana a kan rufi, ba sauran kai batir ko'ina, ƙaho huɗu kowanne yana duban kusurwarsa. Bayan la'asar ana gwaji, sai ga ɗan nawa ya zo inda nake zaune, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya miƙo mini makirufo marar waya ya ce, "Baba, jama'a sun ce ku za ku fara gwadawa." Na karɓa na jujjuya shi. Ba nauyi, ba igiya, sai wata 'yar koriyar wuta a jikinsa. Idona ya yi rauni amma na ga wutar, na kuma san abin da take nufi. Na auna yatsa huɗu. Na dubi fuskarsa sosai, na kira sunansa na yanka, na ce Allah ya yi masa albarka.

Na Baba kuskure ne. Ni ina sane.